Gyaran Gida: Yadda Ake Manna Takardar Bango Mai Zane

Masu karatu, takardar bango mai zane kamar atamfa take: in fure bai haɗu da fure ba, kowa ya shigo ɗakin zai gani, an kuwa yi asarar kuɗi. Ga yadda gwanaye suke yi.

Da fari a yi lissafi. Naɗin da ake yi a Turai yawanci tsawonsa mita 10.05 ne, faɗinsa santimita 53. A jikin takardar shaidarsa ana rubuta tazarar da zanen yake maimaituwa. A ce tsawon bango mita 2.4 ne. A ƙara santimita 10 domin datsewa sama da ƙasa, ya zama 2.5. In takardar ba ta da zane, naɗi ɗaya zai ba da falle 4. Amma in zanen yana maimaituwa kowane santimita 64, sai an yanka kowane falle mita 2.56, naɗin kuwa ba zai ba da fiye da 3 ba. Ɗakin da kewayensa mita 14 ne yana bukatar falle 27, wato naɗi 9 ke nan maimakon 7. A saya duka gaba ɗaya, masu lamba ɗaya, gama launi yakan ɗan bambanta daga bugu zuwa bugu.

Sa'an nan a shirya bango. A kankare farar ƙasa da fentin da yake ɓarewa, a toshe ramuka, a goge sumul. Bangon da yake tsatsafo da damina kada a manna masa kome sai an gyara, don takardar za ta yi fumfuna ta saki.

Kada a dogara ga kusurwa, da wuya a sami wadda ta miƙe sosai. A ɗaura ƙarfe mai nauyi a bakin zare, a saki, a ja layi da fensir. Falle na fari shi zai bi layin nan, sauran su bi shi.

Takarda ta ainihi ita ake shafa wa gam, a ninke ta, a bar ta ta jiƙa daidai mintocin da aka rubuta. Akwai kuma irin wadda bango ake shafa wa. A fara haɗa zanen daidai tsayin ido, a bi da burushi daga tsakiya zuwa gefe don iska ta fita. Baki ya taɓa baki, kada ɗaya ya hau ɗaya. A datse da sabuwar reza, a share gam da soso mai laima nan da nan. Kafin a yanka wurin soket, a kashe wuta.

A kashe fanka, a rufe taga, musamman da hunturu, don in ta bushe da gaggawa bakunan sukan rabu. A ƙare aikin a bayan ƙofa, inda ido ba ya kai wa ga zanen da bai haɗu ba. Ragowar kuwa a ajiye domin faci.

Sai wata mai zuwa.