Manhaja Ma Tana da Lokacin Ban Ruwa

Manomin shinkafa a Kura ko Bunkure ya san ruwan madatsar Tiga albarka ne idan an sake shi bisa ƙa'ida. In ya yi yawa, ya kwantar da shuka. In ya makara, gona ta ƙone. Haka lamarin yake wajen sabunta buɗaɗɗiyar manhaja, wato wadda kowa ke da damar duba rubutunta ya gyara.

Masu gina ta suna son fitar da sabon zubi a kai a kai, kuma suna da hujja, domin ɓarakar tsaro ba ta jira. Amma malamin gona da ke tattara bayanan manoma da waya, inda sabis ke ɗaukewa kuma data ke da tsada, buƙatarsa ita ce fom ɗin da ya buɗe jiya ya buɗe yau. Sabuntawar da ta tsayar da aiki ana tsakiyar noman rani tana iya jawo asarar bayanan shekara guda.

Ubuntu ta raba hanya biyu: sabon zubi duk wata 6, a Afrilu da Oktoba, da kuma zubi mai dogon zango duk shekara 2, wanda ake kula da shi tsawon shekara 5.

A ganina, hukumomi da ƙungiyoyin da ke aiki a Kadawa su riƙe mai dogon zango duk inda akwai shi. Gyaran tsaro a karɓe shi nan take. Manyan sauye-sauye kuwa a gwada su a wayoyi kaɗan, a bar sauran sai an kai amfanin gona gida.