Bayan Jana'iza, Wa Zai Nome Gonar?

Kun saba jin maganar taki da iri da maganin ƙwari daga bakina a wannan shafi. Yau kuwa ina roƙon ku ku ba ni dama in yi maganar mutuwa, gama ita ma tana shiga gonakinmu, kuma ɓarnar da take bari wani lokaci ta fi ta fāri.

Damina biyu ke nan da yayana ya rasu. Yana cikin maimai a gonar dawarsa a ƙarshen watan Yuli, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Muka ɓata yini guda a gida muna ba shi jiƙe-jiƙe, kafin mu kai shi asibiti jini ya riga ya ƙi tsayawa. Ya bar mata da 'ya'ya huɗu, da shanun huɗa biyu, da bashin taki buhu biyu a littafin ƙungiyarmu ta gama kai.

Abin da ya biyo baya shi ya sa ni wannan rubutu, ni ma kuwa da hannuna a ciki. Muka ajiye gawa mako uku a ɗakin sanyi muna jiran dangi daga birni. Aka yi anko, aka ɗauko hayar rumfuna da kujeru, aka ɗora tukwane. Kun san watan Agusta, rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Da kuɗi suka kasa sai muka sayar da sa guda, ni ne ma na ƙirga kuɗin. Wanda ya rage kuwa ba ya jan garma shi kaɗai. A zaman makoki na ji wata dattijuwa, da kyakkyawar niyya, tana ce wa matar yayana ta share hawaye, wai Kirista ba ya kuka. Bayan kwana bakwai kowa ya kama gabansa. Ciyawa ta shanye dawa, abin da aka yanka bai kai rabin na kullum ba. Da kaka ta yi, ma'aji ya zo da littafinsa. Ban ga laifinsa ba, dokar ƙungiya ya bi, mu ne kuwa muka rubuta dokar.

Ra'ayina shi ne, mun yi wa'azin bege da kyau a bakin kabari, amma ba mu bi matar nan da begen zuwa gida ba. Ina so mu duba abu uku.

Na fari, kuka ba rashin bangaskiya ba ne. Ku buɗe Yahaya sura 11. Li'azaru ya yi kwana huɗu a kabari a Betanya, ƙauyen da bai wuce mil biyu daga Urushalima ba. Ubangiji ya san sarai zai tashe shi a ranar, duk da haka ya tsaya tare da Maryamu da Marta ya zubar da hawaye. Haka nan a Ayyukan Manzanni sura 8, masu tsoron Allah ne suka binne Istifanas, suka kuma yi makoki mai zafi a kansa. Sa'ad da Bulus ya rubuta wa ikilisiyar Tasalonika, wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Kristi, waɗansu daga cikinsu sun rasu, sauran suna cikin damuwa. Bai hana su baƙin ciki ba. Abin da ya roƙe su shi ne kada baƙin cikinsu ya zama irin na wanda ba ya sa ran komai a gaba. In mun hana gwauruwa kuka a gabanmu, za ta yi shi ita kaɗai da dare, ba mai riƙe mata hannu. Sai mu zauna kusa da ita, mu rage yawan magana.

Na biyu, mu manoma ya kamata mu fi kowa gane tashin matattu, domin da harshenmu aka bayyana shi. A 1 Korintiyawa sura 15 Bulus ya kwatanta jikin da ake binnewa da ƙwayar iri, Ubangiji kuma ya yi irin wannan kwatanci da ƙwayar alkama a Yahaya sura 12. Ku tuna ranar shuka. Gida ba abinci isasshe, yara suna kallon ƙwaryar iri, amma ka ɗauki mafi kyaun hatsinka ka zuba a rami, ka rufe da ƙafa, ka koma gida hannu wofi. Wanda bai san noma ba zai ce ka yi hasara. Bayan kwana huɗu ko biyar sai ga tsiro. In ka tona gindinsa ba za ka sami ƙwayar yadda ka sa ta ba, ta ruɓe. Bayan kamar kwana 90 kuwa gero ya fi ka tsawo. Abin da ya fito bai yi kama da abin da ka binne ba, amma gero ka shuka, gero ne ya fito. Haka begenmu yake: wanda muka binne, shi ɗin ne zai tashi, da jikin da ciwo da dafin maciji ba su da iko a kansa. Tabbacinmu kuwa shi ne Kristi ya riga ya tashi, kamar zangarniyar fari da takan gaya wa manomi sauran gona na tafe.

Akwai wata ikilisiya da ake kira Morabiyawa, waɗanda suka kafa garin Herrnhut a ƙasar Jamus a 1722. Makabartarsu suna kiranta Gonar Allah. Duwatsun kaburburansu a kwance suke, kusan girmansu ɗaya, ba a gane mai arziki da talaka. Tun daga 1732 suke zuwa can da asubar ranar Ista su yi sujada a tsakanin kaburbura. Sun gane cewa iri ba ya bukatar ado kafin ya tsiro.

Wannan ya kawo ni ga abu na uku, watau kuɗin da muke kashewa. Na san wani zai ce, "Malam, so kake mu binne namu kamar ba su da kowa?" A'a. Girmama gawa abu ne mai kyau. Yusufu mutumin Arimatiya ya ba da sabon kabarinsa, Nikodimu kuma ya kawo kayan ƙanshi masu yawa domin jikin Ubangiji. Amma ku lura, daga aljihunsu suka yi, ba su buɗe rumbun Maryamu ba, kuma a ranar suka binne shi. Mai hali ya yi abin da ya ga dama da dukiyarsa. Abin da nake ƙi shi ne a ci abincin marayu na shekara a cikin kwana uku da sunan girmama ubansu. In mun faɗa wa kanmu gaskiya, yawancin hidimar nan tsoron bakin mutane ne, kada a ce gidan wane sun kasa. Maƙwabtanmu Musulmi sukan binne nasu a ranar, cikin farin likkafani, ba wanda ya ce ba su ƙaunarsu. Mu da muke shaida cewa kabari wurin jira ne, me ya sa za mu tsiyata masu rai a kansa?

Littafi Mai Tsarki bai bar ta'aziyya a baki kawai ba. Maimaitawar Shari'a sura 24 ta umarci manomi kada ya koma ɗaukar damin da ya manta a gona, ya bar shi domin baƙo da maraya da gwauruwa. Da irin wannan kala Rut ta ciyar da surukarta Na'omi daga gonar Bo'aza. A Ayyukan Manzanni sura 6, ikilisiyar farko ta zaɓi mutum bakwai musamman saboda an yi sakaci da waɗansu gwauraye wajen rabon abinci. Yakubu kuma a sura ta fari ya auna addinin mutum da yadda yake kula da marayu da gwauraye. To, mu da muke da shugaba da magatakarda da ma'aji da littafi, ina namu shirin?

Ga shawarata ga kowace ƙungiya, a tattauna a taro mai zuwa.

1. In ɗan ƙungiya ya rasu da damina, a yi gayya a gonarsa cikin kwana bakwai, ba sai an gama makoki ba. Ciyawa ba ta jiran kowa. A sake komawa lokacin girbi. Kowa ya zo da abincinsa, kada a ɗora wa gwauruwa dahuwa.

2. A buɗe asusun rasuwa. Da kaka kowane ɗan ƙungiya ya kawo mudu biyu ko uku na hatsi, a ajiye dabam. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

3. A gyara dokar bashi tun yanzu da ba wanda ya rasu. A ɗaga wa iyalin mamaci shekara guda ba ruwa, ko a biya daga asusun nan. In an rubuta, ma'aji ya huta da jin kunya.

4. Gwauruwa ta gaji wurin mijinta a ƙungiya, ta sami taki da iri kamar kowa. Ranar da dangi za su yi maganar gona da dabbobi, dattawan ikilisiya da Zumuntar Mata su zauna tare da ita. A sani kuma, dokar tarayya ta 2015 da ta hana cin zarafin mutane ta haramta al'adun da ke cutar da gwauraye. Mu maza kuma mu rubuta wasiyya tun muna da lafiya. Rubuta ta ba ya kiran mutuwa.

5. A raba ziyara. Ranar jana'iza gida cike yake, a wata na uku kuwa ba kowa. Zumunta a ƙafa take.

Sauran abu guda. Bege ba sakaci ba ne. Muna cewa kwanansa ne ya ƙare, Allah kuwa shi ya san kwanakin kowa, amma yinin nan da muka ɓata a gida har yau yana damuna. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan da aka yi watsi da su, manoma ne kuwa ya fi kashewa. Ku sa takalmin roba mai tsawo a gona, ku riƙe tocila da dare. In abin ya faru, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutum, a kai shi asibitin da ke da allurar dafin maciji nan da nan. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman domin wannan.

Bana ƙungiyarmu ta yi gayya a gonar yayana, mun makara da shekara guda amma mun je. Matarsa ta fito da fartanyarta ta shiga layi tare da mu, babban ɗanta yana biye da ita. Da muka kai ƙarshen kunya ta tsaya ta yi kuka, ba wanda ya hana ta. Na gaskata zan sake ganin yayana a ranar babban girbi. Kafin ranar ta zo, 'ya'yansa za su ci tuwo, wannan kuwa aikinmu ne.

Allah na dukan ta'aziyya ya ƙarfafa waɗanda suke cikin makoki a cikinku, ya kuma ba mu damina mai albarka. Amin.

Naku cikin Kristi,
Malamin Gona