Abin da Ke Riƙe da Iyalin Indiya

Yawancinmu ta fim muka san Indiya. Ko ɗalibin da bai taɓa wuce garinsu ba zai ba ka labarin ƙaton gida inda kaka da jikoki da surukai ke zaune wuri ɗaya, ana ta waƙa da rawa. Irin wannan gida yana nan, amma a birane sai raguwa yake yi. Binciken lafiyar iyali da gwamnatin Indiya ta yi daga 2019 zuwa 2021 ya nuna cewa in an yi raba daidai, gida ɗaya bai kai mutum biyar ba. Miji da mata da yara biyu ne a saman bene, kakanni kuwa sau da yawa suna wani gari.

Duk da haka zumuncinsu bai mutu ba. Ni a ganina, ƙananan abubuwan da ake yi kullum a kan lokaci ne ke riƙe da shi. Da asuba a dafa shayi da madara da citta, kowa ya sha. A gidan Hindu a kunna fitila a wurin ibada. A Kerala, inda Kirista ke da yawa, iyalai kan taru da yamma su yi addu'a kafin abinci. Da dare kuma a kira kakanni a waya su ga jikoki.

Abin da ya fi burge ni yana Mumbai, wato Bombay ta dā. Tun 1890 akwai masu dakon abinci da ake kira dabbawala. Da hantsi suna bi gida-gida su karɓi abincin da aka dafa a kwano mai hawa-hawa, su ɗora a keke, su shiga jirgin ƙasa, su kai wa maigida a ofis kafin rana ta take, sa'an nan su mayar da kwanon gida. Kafin annobar korona ta 2020, mutum wajen 5,000 ne ke kai kwano kusan 200,000 kowace rana. Ga gidajen abinci birjik a birnin, amma mutum ya gwammace tuwon gidansu, ko in ce shinkafa da gurasar gidansu.

To, amma wa ke tashi ƙarfe biyar ya dafa abin da ke cikin kwanon? Nan ne nake da magana. Wani bincike na gwamnatinsu a 2019 ya gano cewa mace na kashe kusan awa biyar a rana kan aikin gida, namiji kuwa awa ɗaya da rabi da 'yan mintoci. Yarinyar da ta yi jami'a, tana aiki a banki ko asibiti, ana jiran ta dawo ta ɗora tukunya kamar yadda surukarta ta yi. Su kansu Indiyawa sun fara ƙorafi: a 2021 an yi wani fim a Kerala, The Great Indian Kitchen, kan amaryar da wanke-wanke da girki suka ishe ta har ta bar gidan. Zumuncin da mutum ɗaya ke ɗauke da nauyinsa ba zai yi ƙarko ba, kuma ban ga laifin matan da suka ce sun gaji ba.

Kada mu yi musu dariya. A nan makaranta yaranmu maza suna ɗebo ruwa, suna shara, suna wanke kwanonsu, ba wanda ya mutu. Da muka dawo hutun Kirsimeti na tambayi mazan ajina wa ya wanke tukunya a gida ko sau ɗaya. Uku ne suka ɗaga hannu, ɗayansu ma ya ce don ƙanwarsa ba ta da lafiya ne.