A Daina Canza Kayan Mota Bisa Zato

Wata matsala tana damun motocin mambobinmu: mota na tafiya lafiya, da inji ya yi zafi sai ta mutu, in ta huce ta tashi kamar ba komai. Sau da yawa sensar kamshaf ce. Ita ke shaida wa birenbos lokacin sakin mai da wuta, in saƙonta ya yanke inji na iya tsayawa.

Abin da ban yarda da shi ba, a tura mutum Kasuwar Gudu yau famfon mai, gobe fulogi, jibi koyil. Kuɗin cefane ke tafiya, kuma motar na iya mutuwa a tsakiyar titi da iyali a ciki.

A fara sa kwamfuta. In ta nuna P0340, ba lallai sensar ce ta lalace ba, lambar ta shafi har wayoyinta. A duba soket, a girgiza waya inji na aiki, a ga ko baƙin mai ya shiga. Sai an tabbatar sannan a saya, lambarta daidai da ta tsohuwar.

Makaniken kirki ba ya ƙyashin aunawa. Allah ya kiyaye hanya.