Kwanakin da gwajin jini ba ya gani



'Yan uwa, duk lokacin da aka yi kiran ba da gudummawar jini bayan sallar Juma'a, ko ranar 14 ga Yuni da duniya ta ware domin masu bayarwa, tambaya ɗaya ce muke yawan ji daga ɗalibai: tunda za a gwada jinin, me ya sa ma'aikacin lafiya ke tsare mutum da tambayoyi kan sirrinsa?

Gaskiya ne ana gwadawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a binciki kowace ledar jini kan cuta huɗu: ƙanjamau, wato SIDA, da ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Sai dai gwajin yana da iyaka. Yawancin gwaje-gwajen ƙanjamau ba ƙwayar cutar kanta suke nema ba, suna neman garkuwar da jiki ya ƙera ne don yaƙarta, kuma jiki yana ɗaukar lokaci kafin ya ƙera ta. Gwajin garkuwa kaɗai yakan fara gano cutar tsakanin kwana 23 zuwa 90 bayan kamuwa. Wanda ke haɗa garkuwar da wani sinadarin ƙwayar, kwana 18 zuwa 45. Mafi kaifi, mai neman asalin ƙwayar, kwana 10 zuwa 33, amma yana da tsada. Afirka ta Kudu ta fara yi wa kowace leda shi tun 2005, ƙasashe da yawa ba su kai can ba. A cikin waɗannan kwanaki takarda za ta ce jini lafiya lau, alhali cutar tana ciki, kuma a farkon kamuwa ƙwayar kan yi yawa ƙwarai.

Wannan giɓi ne tambayoyin suke toshewa. Abin da ke damunmu shi ne yadda ake samun jini a wurarenmu: mace ta zubar da jini wajen haihuwa, a ce dangi su kawo madadi. Ƙane yana tsaye, yayansa na kallonsa, an tambaye shi ko ya kusanci wata a watannin nan. Kunya kan sa ya ce a'a. A ganinmu wannan amsa amana ce, domin wadda za a ƙara wa jinin ba ta da ikon bincike. Wanda ya san akwai shakka ya janye, kuma kada dangi su tuhume shi. Haka wanda ke ba da jini don kawai ya san matsayinsa, ya nufi wurin gwaji, can ne muhallinsa.

Ba talauci kaɗai ke jawo sakaci ba. Rahoton binciken da aka fitar a Birtaniya a Mayun 2024 ya nuna mutum fiye da 30,000 sun kamu da ƙanjamau ko ciwon hanta ta hanyar jini da magungunan da aka sarrafa daga jini, daga shekarun 1970 zuwa farkon 1990, kusan 3,000 sun rasu.

Kuskuren yana iya zuwa ta ɗaya gefen kuma. An tsara gwajin farko ya kama duk abin da ya yi kama da cutar, don haka wani lokaci yakan nuna alama ga mai lafiya. A nan ajiye ledar daidai ne, amma ba a ce mutum yana da ƙanjamau sai an sake tabbatarwa da wasu gwaje-gwaje. Wanda aka ce ya dawo, ya koma ya ji sakamakon na biyu kafin maganar ta kai gida.