Gani Ya Kori Ji: Darasin Gubar Dalma a Ƙasar Zamfara



Ya 'yan uwana matasa, ra'ayina shi ne ilimin kimiyya ba ya zama a zuciyar jama'a sai an nuna musu shi da ido. A kan wannan aka kafa gidan baje-kolin kimiyya na Exploratorium a birnin San Francisco na Amurka a 1969, inda mai ziyara ke taɓa na'ura da hannunsa ya gwada. Haka a Istanbul, an buɗe gidan tarihin kimiyyar Musulunci a 2008 bisa jajircewar Farfesa Fuat Sezgin, aka sake ƙera na'urorin magabata domin a gan su.

Mu a nan Nasarawar Burkullu da kewayenta mun fi kowa buƙatar irin wannan. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano cewa gubar dalma na kashe yara a ƙauyuka irin su 'Yargalma a Bukkuyum da Dareta a Anka. Fiye da yara 400 suka rasu. Ana niƙa dutsen zinare a cikin gidaje, ƙurarsa ta sauka ƙasa, yaro mai rarrafe ya kai hannu baki. Iyayen nan ba sakaci suka yi ba; dalma ba ta ganuwa a cikin ƙura, kuma ba wanda ya taɓa nuna musu.

Ba gini mai hawa nake nema ba. Rumfa ɗaya ta isa a ranar kasuwa ko a farfajiyar Islamiyya. A kawo na'urar hannu da masana ke auna dalma a ƙasa da ita, mutum ya ɗebo ƙasar gidansa ya ga sakamakon. A niƙa dutse busasshe, a niƙa jiƙaƙƙe, kowa ya ga wanda ya fi tayar da ƙura. Mahaƙin da ya ga haka zai wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.

Annabi Ibrahim (AS) mai imani ne, amma ya roƙi Ubangijinsa Ya nuna masa domin zuciyarsa ta natsu. Kare rai kuwa na daga manyan manufofin Shari'a. Don haka ɗalibanmu na kimiyya, idan kun dawo hutu, ku nemi izinin malamai da masu unguwanni ku fara da abin da ke hannunku.

Allah Ya jiƙan yaran nan, Ya tsare na baya. Wassalam.