Mu Shanya Taru Kafin Mu Sauya Ruwa

'Yan uwana ɗalibai, ranar da lakcaranmu ya nuna mana hoton bututun ruwa da wata 'yar ƙumba ta toshe, dariya muka yi. Abin da bai fi farcen yatsa ba, wai shi ya gagari Amurka!

Ƙumbar nan mai ɓawo biyu da zane irin na jakin dawa, asalinta yankin tekun Kasfiyan ne da Baƙin Teku. Jiragen dakon kaya ne suka kwaso ta cikin ruwan da suke ɗiba don daidaita nauyi, suka juye a manyan tafkunan da ke tsakanin Amurka da Kanada. A 1988 aka gano ta, a 1989 ta toshe bututun da garin Monro na jihar Mishigan ke jan ruwan sha, famfo ya ɗauke. Mace ɗaya kan zuba ƙwai har miliyan a shekara, 'ya'yan kuma ido ba ya ganinsu. Ga shi tana tace abincin da ƙananan kifi ke rayuwa da shi. Idan ta kafu a babban tafki, sai dai haƙuri.

Shi ya sa a can ake matsa wa masu jirage da masunta: ka wanke kayanka, ka tsiyaye ruwan, ka shanya su kwana biyar kafin ka shiga wani tafkin.

Na san wani zai ce, to ina ruwanmu? Ya je ya tambayi masuntan Haɗejia da Nguru yadda kachalla ta cinye musu hanyoyin ruwa. Duk abin da ya mamaye ruwa, fitar da shi wuya gare shi. Masuntanmu kuwa haka suke yawo da jiƙaƙƙen taru daga wannan dam zuwa wancan. Ni kaina, lokacin da nake koyon aiki a wata gonar kifi, da hannuna na juye ruwan jarkokin da aka kawo 'ya'yan kifi daga wata jiha cikin magudanar da ke gangarawa rafi. Wallahi ban ko tambayi me ke ciki ba.

Mu ne gobe za mu riƙe madatsun ruwa da gonakin kifi. Ina roƙon ƙungiyarmu ta shirya fita wayar da kan masunta kafin mu gama zangon nan. Rana dai kyauta ce a ƙasarmu, shanya taru ba ya cin ko sisi.